Masauki, zubi da "na kullum": kalmomi uku don ajiye hoto bayan gyara

1/ Jiya da yamma wani yaro da nake koya wa gyaran hoto ya taso daga kan kwamfuta fuskarsa a yamutse. "Oga, hoton Hajiya ya ɓata." Awa guda ya yi yana goge ƙurajen da danshi ya yi wa tsohon hoton mahaifinta, ita kuwa tana zaune a benci da jakarta a cinya tana jira. Hoton bai ɓata ba. Ya danna ajiye bai duba ina ba, manhajar ta kai shi inda ta saba kaiwa. Da na buɗe baki zan yi masa bayani da Hausa, sai na tsaya cak a kan kalmar "default". Ita nake so mu sama wa suna yau, ita da ƙawayenta biyu.

2/ Abin da kalmar ke nufi: zaɓin da na'ura ke yi maka idan ba ka ce komai ba. Kamarar wayar Android tana zuba hotuna a foldar DCIM ba tare da ta tambaye ka ba. Tun fitowar iOS 11 a 2017, sabbin wayoyin iPhone suna ɗaukar hoto da nau'in fayil da ake kira HEIC, sai in ka shiga saitin kamara ka mayar da ita nau'in JPEG da kanka.

3/ Na sha ganin an fassara ta da "tsoho". Wannan ba ya shiga ko kaɗan. Ka ce wa ɗalibi "zaɓi tsoho", zai nemi hoton da aka ɗauka bara. "Na asali" ta fi kusa, na ma daɗe ina amfani da ita, amma tana da aibu biyu. Idan ka sauya saitin da hannunka, sabon zaɓin naka ya zama shi na'urar ke bi, alhali ba shi ne na asali ba. Na biyu ya fi damuna: a wannan sana'a muna buƙatar "asali" don hoton da ba a taɓa ba. In na ce wa yaro "kada ka danne na asali", ina so ya ji abu ɗaya tak.

4/ Na kuma gwada "zaɓin shiru", tunda shiru ma magana ce. Ma'anar ta yi daidai, sai dai duk mai waya zai ɗauka ana nufin kashe ƙararta. Na ajiye ta.

5/ Wajen mai shayi na samo wadda na tsaya a kai. Ka zauna a teburinsa, ya ɗago kai ya ce "na kullum?", ka gyaɗa kai, ya haɗa maka yadda ya san kana sha. Baƙon da bai ce komai ba, zai samu haɗin da mai shayin ya saba yi wa kowa. Ran da ka ce "daga yau rage min sukari", to wannan ya zama na kullum ɗinka, har sai ka sake magana. Duk halin kalmar yana nan a ciki: akwai wanda ka tarar, kana iya sauya shi, kuma yana aiki ne idan ka yi shiru. Wanda na'ura ta zo da shi daga masana'anta kuwa, a ce masa saitin kamfani, kowa zai gane.

6/ Folda ta riga ta zauna a bakin mutane, a bar ta. Amma foldar da hoto ke faɗawa kai tsaye ta cancanci sunanta, kuma ni "masauki" na ce. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi ba sa shiga gari suna tambayar inda za su kwana. Kowane ayari yana da mai masaukinsa a zango, can ake sauke kaya, can kuma mai neman su zai same su. Da na ce wa yaron nan "je ka duba masaukinsa", bai nemi ƙarin bayani ba, ya buɗe foldar hotuna, ga fayil ɗin a zaune.

7/ Sai dai aikin bai ƙare ba. Ya tura wa Hajiya a waya, ta danna, ya ƙi buɗewa. "Ɗana, takarda fara nake gani, ba Baba ba." Da manhajar gyaran hoto ta GIMP muke aiki, kuma tun fitowar sigarta ta 2.8 a 2012, in ka danna Ctrl+S don ajiyewa, XCF kaɗai take bayarwa, wato fayil ɗin aiki mai riƙe da kowane shafi na gyara daban, kamar yadda PSD yake a Photoshop. In kana son abin da waya za ta buɗe, sai ka fitar da shi da Ctrl+Shift+E ka zaɓi JPEG ko PNG.

8/ A nan ne kalma ta uku ta taso, wato sunan da za mu ba nau'in fayil irin su JPEG da XCF, kuma ina roƙon kada mu ari "fomat". A kasuwar waya, in aka ce an yi wa memori fomatin, an share komai ke nan. Ka ce wa mai hoton mahaifinta guda ɗaya a duniya "bari in canza masa fomat", ka ga yadda za ta miƙe tsaye. Muna da "zubi". Maƙerin tukwanen dalma yana narka ƙarfe ɗaya ya zuba shi a siffa daban-daban, masu nazarin adabi kuma sun daɗe suna cewa zubi da tsarin waƙa. Hoto ɗaya ne, zubi ne ya bambanta. Zubin JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, yana rage nauyi ta hanyar zubar da wasu ƙananan bayanai, kuma duk sanda ka gyara ka sake ajiyewa, wani abu yana ƙara zubewa. Zubin PNG na 1996 ba ya zubar da komai, yana kuma iya barin bayan hoto wayam, shi ya sa ya dace da tambari, amma ya fi nauyi ga hoton fuska.

9/ Na gwada su a jimla, don kalmar da ba ta zauna a jimla ba ta mutu: "Sauya masaukin hotuna." "Zubin kullum: JPEG." "Mayar da PNG ya zama na kullum." "Koma saitin kamfani." Na karanta wa yara uku a shago, ba wanda ya ce in maimaita.

10/ Hajiya ta tafi da hoton Babanta a zubin JPEG, mu kuma muka riƙe na XCF a masaukinsa ko za ta dawo neman ƙarin gyara. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da wayoyinku ke magana da Faransanci kuna ce wa folda dosiye, ku gwada "masauki" da "zubin kullum" a shagunanku, ku faɗa mana yadda suka faɗa a kunnen masu kawo muku aiki.