A buɗe shi, a rushe shi, ko a bar wa ciyawa?

Baba Direba: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoton da na ɗauka jiya da yamma. Guntun gadar sama ne da ya rage bayan an sake fasalin tsakiyar birnin da nake zaune. An sauke babbar hanyar zuwa ƙarƙashin ƙasa, an rushe mafi yawan gadar, aka bar wannan ɓangaren, aka jera tubalan kankare uku a bakinsa. Ku duba da kyau, kibiyar da aka zana a kan kwalta tana nan, ta koɗe amma ana ganinta, tana nuna wa iska hanya. Ciyawa ta fito ta tsagar gefe har ta kai gwiwa. Mu kuwa a ƙasa mun kusa awa guda a gosulo, ina kallon titin nan fayau a samana. Maganata ɗaya ce: titi ba ya ruɓewa. A janye tubalan nan gobe, cunkoso ya ragu jibi. Duk wanda ya musa bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Ɗan Auta: Baba, ka rufe ƙofar musu tun kafin mu shigo.

Malama: Wa alaikumus salam Baba. Ni dai ban taɓa tuƙa tirela ba, amma zan musa. Sabon layi yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, sai waɗanda da suke hawa bas, da masu fita da asuba don gudun cunkoso, da masu bin wata hanya, duk su dawo kansa. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, a wani wurin layukanta sun kai 26 in an haɗa da na gefe. 'Yan shekaru kaɗan lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. Tun 1968 ma wani masanin lissafi ɗan Jamus, Dietrich Braess, ya nuna a takarda cewa ana iya ƙara hanya guda tafiyar kowa ta ƙara tsawo, domin kowane direba kansa yake dubawa, sai duk su yi tururuwa wuri ɗaya.

Baba Direba: 'Yata, lissafin takarda daban, lissafin tankin mai daban. Ni ban ce a gina sabo ba. Ga shi an gina, an biya, yana kwance. Da babu gara ba daɗi.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a nan ne zan shigo, a kan kalmar "ba ya ruɓewa". Gadar kankare ba sai mota ta taka ta take lalacewa ba, ruwa ne babban maƙiyinta. Akwai mahaɗa tsakanin falle da falle, an bar ta ne don kankare ya samu wurin miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Robar da ke toshe wurin takan tsufa. Ganye da ƙasa su cika bututun fitar da ruwa, tunda ba mai sharewa. Ruwa ya kwanta, ya ratsa, ya iske rodin da ke ciki. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, tsatsar ta fi ƙarfen cin wuri ninki da yawa, sai ta tura kankaren daga ciki ya tsage ya ɓare. Ciyawar da ka ce ta kai gwiwa, saiwarta ma aiki take yi. Titin da ake hawa kullum yana da masu ƙorafi, da rami ya fito za a yi ta kira. Wanda aka rufe ba mai kuka a kansa, sai ranar da ɓarɓashi ya faɗo wa wani a ka.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Subhanallahi. To ai a ƙarƙashin irin waɗannan wuraren mutane suka fi zama saboda inuwa.

Ɗan Auta: Shi ya sa ni nake ganin a yi abin da Koriya ta Kudu ta yi. Akwai gadar sama kusa da tashar jirgin ƙasa ta Seoul, an gina ta a 1970, ta tsufa har aka hana manyan motoci hawa, aka rufe ta gaba ɗaya a ƙarshen 2015. Maimakon rusau sai aka gyara ta, aka jera itatuwa da furanni a manyan tukwanen kankare, aka buɗe ta ga masu tafiya a ƙafa a watan Mayun 2017. Tsawonta wajen kilomita guda. Sunanta ma Seoullo 7017, wato 70 da 17, shekarar gini da shekarar sake haihuwa. Na ga bidiyonta da dare, wallahi kamar mafarki.

Baba Direba: Auta kenan. Mu muna neman hanyar wucewa da kaya, kai kana neman wurin ɗaukar hoto.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ƙanena, a bidiyon sun nuna maka 'yan kasuwar Namdaemun da suka yi ta adawa da rufe gadar saboda ta nan kaya da masu saye ke iso musu? Ba za su nuna ba. Ni duk inda na ji an ce za a ƙawata wuri, gabana faɗuwa yake. Ku dubi High Line a New York. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce ta sama, jirgi na ƙarshe ya bi ta a 1980, aka mayar da ita lambu, aka buɗe kashin farko a 2009. Ta yi kyau, ba musu. Amma kuɗin haya a gefenta ya tashi, dogayen gidajen masu hali suka tsiro, ƙananan garejoji da masu ƙaramin jari suka tattara. Wanda ya sha ƙurar wurin shekara talatin, da aka zo shan inuwa ba shi aka kira ba.

Malama: Wannan gaskiya ce Hajiya, kuma ba a New York kaɗai ba. A Seoul ɗin ma, da aka rushe babbar gadar da ta danne rafin Cheonggye daga 2003 zuwa 2005, an kwashe masu talla na gefen titi an kai su tsohon filin wasa na Dongdaemun, daga baya nan ma aka tashe su. Amma Baba, ga abin da nake so ka riƙe. Kafin a rushe ta, hanyar Cheonggye ɗin tana ɗaukar motoci sama da 160,000 a rana. Kowa ya rantse birnin zai tsaya cak. Bai tsaya ba. Kuma ba sihiri ba ne: a 2004 magajin garin, Lee Myung-bak, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya sauya tsarin bas ɗin birnin, aka ware musu layinsu a tsakiyar manyan tituna. An ɗauke wa mutane hanya, an ba su wata dabarar zuwa aiki.

Baba Direba: Yauwa! Kin faɗa da bakinki. An ba su wata dabara. Mu me aka ba mu? Tubali uku.

Mai Zaure: Baba ya ci wannan, a rubuta masa.

Injiniya: Ya ci, amma maki ɗaya ne. Ni ina ɓangaren a rushe, kuma na san ba zan yi farin jini ba. Lambun sama ba kyauta ba ne. Ƙasa jiƙaƙƙiya nauyi gare ta, itace na son ban ruwa, ruwan kuma shi ne abin da muke gudu. Ga fitila, ga masu gadi, ga lifta saboda tsofaffi da masu keken guragu. Rafin Cheonggye da ake yabo, ruwan da ke gudana a cikinsa da injin ake turo mafi yawansa daga kogin Han, kullum ta Allah. Birnin da ya kasa share bututun gadar da aka rufe, shi zai iya wannan hidimar? In an rushe, an samu fili a ƙasa, rana ta shigo, titunan da gadar ta datse su sake haɗewa. San Francisco ta yi haka da hanyar Embarcadero bayan girgizar ƙasar 1989 ta raunata ta. An fara rusau a 1991, bakin ruwan da ta tare ya dawo wa mutane.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ka ƙarasa labarin mana, Injiniya. 'Yan kasuwar unguwar 'yan Sin na birnin sun yi fushi, magajin garin, Art Agnos, ya faɗi zaɓe a wannan shekarar.

Injiniya: Ya faɗi. Amma wanda ya gaje shi bai sake gina ta ba.

Ɗan Auta: Ni tsorona ɗaya, kada ana wannan ja-in-ja a bar shi haka nan. A Cape Town akwai gadar da aka dakatar da aikinta a 1977, har yau tana tsaye a yanke, bakinta a sararin sama. Masu shirya fim da tallace-tallace ne ke cin moriyarta. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010 har ƙatuwar vuvuzela aka ɗora a kanta. Kusan shekara hamsin kenan.

Injiniya: Baba, alfarma ɗaya. Gobe ka ajiye mota, ka shiga ƙarƙashinta ka ɗaga kai wajen mahaɗar. Sannan ka bi ta da ƙafa har ɗaya ƙarshen. Hotonka baki ɗaya kawai ya nuna mana.

Baba Direba: Zan je, don in kawo muku hujja.

Baba Direba: Jama'a barkanmu da safiya. Na je. Zan faɗi abin da na gani, ba na ƙarya don in ci musu. A ƙarƙashin mahaɗa ta biyu akwai jan zane ya gangaro jikin ginshiƙi kamar an zubar da rini. Wuri guda kankare ya ɓare, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, rodi uku a waje, na sa makulli na kankare ɗaya yana zuba kamar ɓawon itace. An ɗaura wata koriyar raga a wurin, ita ma ta yage, akwai dutse a cikinta yana lilo. A daidai nan wani yaro ke gyaran keke. Na ce masa ya matsa, ya dube ni ya ci gaba da aikinsa. Ɗaya ƙarshen kuwa, inda da take sauka, yanzu katangar wani sabon bene ce. Ko an janye tubalan, mota sai dai ta hau ta juyo da baya.

Mai Zaure: To Baba, an janye magana kenan?

Baba Direba: An janye rabi. Wannan guntun ba zai buɗu ba, na yarda. Amma ba na bayan lambun Auta, kuma rusau ɗin Injiniya bai amsa tambayata ba. Hanyar ƙarƙashin ƙasar an kafa mata allo, tankar mai ba ta shiga, doguwar mota mai tsayin kaya ba ta shiga. Duk mun dawo titin ƙasa muna gogayya da masu babur da 'yan makaranta. Wanda ya zana sabon birnin nan, ina ya ce mu bi?

Malama: Wannan tambayar ba ni da amsarta, Baba.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Ku dai fara kai maganar ragar nan ga masu kula da tituna yau ɗin nan. Baba, yaron yana nan a wurin da ka taho?

Baba Direba: Yana nan. Bari in koma.