An dake ni a Greater Noida, mai gida kuma ya ce in tashi, ina neman shawara

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Ina karatun harhaɗa magunguna a nan Greater Noida, Indiya, aji uku. Ba gwamnati ce ta turo ni ba, Baba ne ya sayar da gonarsa ta gado ya biya, har sai da suka yi rigima da ƙannensa a kai domin su ba su so a sayar ba, wani baffana har yau ba ya shiga gidanmu, kuma ni ne babba, ƙannena mata duk ni ake jira in gama, ga rupi ta yi tsada a kan naira, kowace simesta sai Umma ta shiga adashe. To ranar Alhamis bayan magariba na fita sayen tumatir sai wasu samari a babur suka tare ni suna kalu kalu, wato baƙi a yarensu, ban tanka ba, ɗaya ya sauko ya kwaɗa min hular kwano a fuska, leɓena ya fashe haƙori yana girgiɗi, mutane na tsaye suna kallo. Washegari mai gida ya ce in tashi ƙarshen wata wai maƙwabta sun ce ba sa son baƙaƙe a layin. Ban je wajen ƴan sanda ba saboda wani dalili. Ban faɗa wa gida ba. Tun ranar ban shiga aji ba. In kai ƙara ne ko in yi shiru, ko in haɗa kaya in dawo?

Maman Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ƙanena, Allah ya saka maka. Ka fara zuwa asibiti a duba haƙorin nan tukuna.

Abu Sadiq: Saurare ni da kyau. A garin nan na yi digiri, ina nan a Maris 2017 lokacin da wani yaro ɗan sakandare ya mutu aka ɗora wa ƴan Najeriya, aka tsare biyar aka sake su don babu hujja, amma duk da haka ranar 27 ga wata taron mutane suka far wa ɗalibanmu a wajen shataletalen Pari Chowk har cikin kanti, bidiyon ya zaga duniya. Abin da ya sa aka kama wasu shi ne an yi magana, ƙungiyar ɗaliban Afirka ta tsaya, jakadun Afirka suka fito suka kira abin wariyar launin fata, ministar harkokin wajen Indiya ta lokacin, Sushma Swaraj, da kanta ta kira Yogi Adityanath, babban ministan jihar Uttar Pradesh inda garin yake. Da shiru aka yi babu abin da za a yi. Gobe ka je asibiti ka ce su rubuta maka MLC, ita ce takardar shaidar rauni, daga nan ofishin ɗaliban waje na makarantarku su haɗa ka da mutum ku je caji ofis a rubuta FIR, wato takardar shigar da ƙara wajen ƴan sanda, kar ka je kai kaɗai, ka karɓi kwafi kyauta ne. Ka rubuta wa ofishin jakadancinmu na New Delhi. 112 lambar gaggawa ce, ka ajiye ta a waya.

Musbahu: Ni ban goyi bayan zuwa wajen ƴan sanda ba wallahi. Za ka kai ƙara ka dawo layin da yaran suke, su suna gida kai baƙo ne. Ka koma hostal kawai ka lallaɓa ka gama.

Abu Sadiq: Irin wannan tunanin ne ya sa suke raina mu. A 2016 an kashe wani ɗan Kongo, Masonda Olivier, a Delhi kan gardamar adaidaita sahu kawai. Yau hular kwano, gobe me?

Ɗan Kurna: Yaya Musbahu hostal ta fi ƙarfina shi ya sa tun farko na fita, ga abincinsu yana ɓata min ciki, a waje ina dafa nawa. Ba son yawo ne ya fitar da ni ba.

Hajiya Bilki: Ko'ina haka ne fa. Mu nan Ingila a Agustan 2024 da tarzoma ta ɓarke bayan kisan ƴan mata uku ƙanana a garin Southport, ina Middlesbrough ranar da suka bi layi suna fasa motoci da tagogi, da hijabina ko shago ban iya zuwa ba, kuma wurin aikina ko sannu babu wanda ya ce min, manajata cewa ta yi in na ƙi zuwa za a yanke min kuɗi, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Amma kai dai ka faɗa wa mahaifinka, ɓoyewa ba alheri ba ne.

Ɗan Kurna: Hajiya Baba yana da hawan jini, in ya ji cewa zai yi in dawo, to in dawo da me, gonar ta tafi.

Ibro Zango: Gaskiya ɗaya ce, wasu ƴan ƙasarmu ne suka ɓata mana suna da harkar ƙwaya, shi ya sa.

Maman Hanif: Haba Ibro, yaro ya fita sayen tumatir an fasa masa baki kana kawo wannan? Su waɗanda suka dake shi sun tambaye shi sana'arsa ne?

Abu Sadiq: Ƙanena ka ce "wani dalili". Faɗi gaskiya, bizarka tana da rai? Mai gidan ya cika maka Form C, takardar da ake sanar da hukuma cewa ɗan ƙasar waje yana zaune a gidan?

Ɗan Kurna: Na nemi ƙari a FRRO, ofishin rajistar baƙi ƴan ƙasar waje, tun kafin ta ƙare, ba su amsa ba har yanzu, kuma jinkirin daga makaranta ne don ban gama biyan kuɗi ba suka riƙe takardar shaidar ɗalibi. Form C ban sani ba, a hannu nake ba shi kuɗin haya, ba mu yi wata takarda ba.

Musbahu: Ka gani ko. Da wannan ka shiga caji ofis kai za su fara tsarewa.

Abu Sadiq: Ba haka ba ne, in yana da shaidar ya nema ya buga ta ya riƙe. Kuma mai gidan ma yana da laifi in bai cika Form C ba, shi ya sa yake son ka fita salin alin. Kar ka tashi sai ya maido maka kuɗin ajiya. Ka yi abin da na ce.

Ɗan Kurna: Yaya na ji, amma ku kuna da yawa lokacin, mu a layin nan mu biyu ne ni da wani ɗan Sudan, shi ma ya ce kar in sa sunansa. Kuma ofishin da kake cewa in je su ne suke bina kuɗi.

Maman Hanif: Ka je asibitin kuwa?

Ɗan Kurna: A'a, na sayi maganin ciwo a kemis. Akwai wanda ya san ɗaki mai sauƙi a wajen unguwar Knowledge Park da suke karɓar ƴan Afirka?