Rajistar adireshi a Hamburg: ta ina zan fara?

Baƙon Hamburg:
Assalamu alaikum. Yau kwanana 9 da sauka a Hamburg ta ƙasar Jamus domin karatu, kuma ina haya a ɗaki guda cikin gidan wani ɗalibi. Na je banki buɗe asusu, aka ce sai na kawo takardar rajistar adireshi. Na nemi ranar ganawa a ofishin rajistar ta intanet, na tarar babu gurbi sai nan da mako uku. Ina roƙon yayyena da suka riga ni zuwa su nuna mini hanya, domin duk inda na je sai a tura ni wani wurin.

Tsohon Ɗalibi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena, sannu da zuwa. Wannan rajistar, wadda Jamusawa ke kira Anmeldung, ita ce uwa ma ba da mama, kuma doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare. Ka karɓi gurbin da ka samu yau ɗin nan, ka ajiye shaidarsa, sannan ka riƙa leƙa shafin da sassafe, domin a lokacin ne guraben waɗanda suka fasa zuwa suke fitowa. Ranar ganawar ka tafi da fasfo da takardar da ake kira Wohnungsgeberbestätigung, wadda wanda ya ba ka ɗakin zai sa wa hannu. Tun daga Nuwambar 2015 ba a yin rajista sai da ita, kuma yarjejeniyar haya ba ta maye gurbinta. Za a tambaye ka addininka, kada hakan ya ba ka mamaki: saboda harajin coci ne, wanda bai hau kan Musulmi ba.

Hajiya ta Harburg (wata unguwa a Hamburg):
Malam ya yi bayani, amma ya tsallake abin da ya fi ba ni wahala a shekarata ta farko. Ɗana, ka rubuta sunanka a jikin akwatin wasiƙa tun kafin ka je ofishin. A nan mai raba wasiƙa suna yake bi, ba lambar ɗaki ba, kuma idan bai ga sunan ba sai ya mayar da takardar inda ta fito. Ni haka katin bankina ya koma har sau biyu, ina zaune ina zargin mutanen da ba su ji ba su gani ba. Lambar harajinka mai alƙaluma 11 ta wannan akwatin za ta zo, haka ma wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata. Gida ake ɗora wa kuɗin ba mutum ba, saboda haka ka tambayi abokin zamanka ko yana biya kafin ku biya sau biyu.

Sai maganar cefane. Kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, in ban da 'yan kaɗan irin na cikin babbar tashar jirgin ƙasa, kuma a can tsada ce. Ka yi sayayyarka ranar Asabar. Naman halal yana nan a shagunan Turkawa da ke titin Steindamm, kusa da tashar, kuɓewa da manja kuwa sai shagunan 'yan Afirka. Robar ruwa kada ka jefar, akasarinsu santi 25 ne idan ka mayar kanti.

Baƙon Hamburg:
Allah ya saka da alheri, Yaya da Hajiya. Na sauka ƙasa na duba akwatin, sunan abokin zamana kaɗai ne a jiki, na kuwa manna nawa da takarda da salatif. Ya ce yana biyan kuɗin rediyon, za mu riƙa rabawa, kuma zai cike takardar da zan tafi da ita ofishin rajistar a daren nan. Gobe bayan sallar asuba zan leƙa shafin ganawar.