Wanda ke faɗowa daga doki a madadin aktar, me sunansa da Hausa?

Mai Shirin Majigi, Yamai:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shiri a wani gidan rediyo nan Yamai, duk Asabar da dare, inda nake ba da labarin tsofaffin finafinai da abin da ya faru lokacin ɗaukarsu. Da Hausa nake yi, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan riƙa cusa Faransanci ba sai dole. To, dolen ta zo.

Shekaranjiya wata tasha ta sake sako Ben-Hur na 1959. Kawuna ya zo daga ƙauye ganin likita, yana kishingiɗe kan tabarma a tsakar gida, ko kallon tele ba ya yi. Sai da aka zo tseren keken dawaki ya tashi zaune ya aje kofin shayinsa, don shi mutum ne da ya yi kiwon doki tun yana saurayi. Akwai wurin da keken aktar ya taka tarkacen wani keken ya yi sama, mutumin ya wuntsila ta gaba kamar zai faɗa ƙarƙashin kofatan fararen dawakin nan huɗu. Kawu ya ce, "Innalillahi, ya tafi!" Sai ga shi ya rarrafo ya koma mazauninsa. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wannan ɗa namiji ne. Wane ne ubansa?"

Na ce Kawu, tambayarka ta faɗa kan gaɓa. Wanda kake ganin fuskarsa Charlton Heston ne, amma ba shi ya wuntsila ba. Wani saurayi ne, Joe Canutt, kuma ubansa Yakima Canutt shi da Andrew Marton suka tsara tseren a Roma. Wuntsilawar ma ba a shirya ta ba, tsautsayi ne, yaron ya tsira da yanka a haɓa. Da suka ga ta yi kyau sai suka bar ta, suka ɗauki Heston daga kusa yana hawowa, suka haɗa.

Kawu ya ce, "To shi yaron mene ne shi?" Na ce cascadeur. Ya ce, "Kas me?" Na ce doublure. Ya ce, "Ɗana, yi mini Hausa."

Nan na tsaya cak. Ku taimaka kafin Asabar.

Ɗan Bukoki:
Sojan gona mana. Ya sa kayan wani, ya yi kamar shi ne. Magana ta ƙare.

Mai Shirin Majigi, Yamai:
Ƙanena, ba ta ƙare ba. Sojan gona macuci ne, ranar da aka gane shi kashinsa ya bushe. Wannan kuwa aiki aka ɗauke shi, ana biyansa, kowa a wurin ɗaukar ya san shi. In na ce sojan gona a rediyo, Kawu zai ce ashe ƙarya aka nuna masa, alhali wuntsilawar da ya gani gaskiya ce, jinin ma gaskiya ne.

Malama Ƴar Damagaram:
Ni na fi karkata ga wakili, ko makwafi. A ɗaurin aure ai wakilin ango ke karɓa a madadinsa.

Mushe Mai Ritaya:
Malama, wakili ana ganinsa, liman ma sai ya tambaya "ina wakilin ango?" ya ɗaga hannu. Shi wannan gwanintarsa ita ce kar a gane shi. Makwafi ta fi kusa, sai dai tana nuna wanda ya maye gurbi ya zauna, kamar an sauke mutum an naɗa wani. Nan kuwa na daƙiƙa biyar ne, a buge shi ya koma gefe.

In don ni ne a kira shi kura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Bukoki:
Mushe ka kashe ni da dariya. Amma wallahi haka ne. Jackie Chan ma da kura ya fara. A Opération Dragon na 1973 yana cikin yaran shef bandi, Bruce Lee ya cafki gashinsa ya karya masa wuya, ko minti ɗaya bai yi a fim ɗin ba.

Tsohon Mai Majigi, Tawa:
Ɗiyana, ku dakata in sa baki, don ni na juya injin silima da hannuna lokacin da kuna goye. Abin da ya sa kunka rikice, abu biyu ne kunka haɗa wuri guda. Bahwaranshe na da cascadeur, shina da doublure, kuma ba kullum suke zama mutum guda ba.

Ku ɗauki Belmondo, aktar ɗin Faransa. A Peur sur la ville na 1975 shi da kansa ya hau rufin jirgin ƙasa na cikin Paris shina gudu. Ba wanda ya tsaya mishi. Aikin cascadeur ya yi, amma ba doublure ba ne, tunda jikinsa ne da huskarsa.

Ku juyo ga Le Jeu de la mort. Bruce Lee ya rasu a watan Yuli 1973 bai ida shi ba, sai 1978 anka hito da shi. Abin da ke ciki na Bruce na gaskiya bai wuce minti goma sha ɗaya ko kusa ba, can wajen ƙarshe, da rigar nan ɗorawa. Sauran duk wasu mutane ne anka sa ma baƙin tabarau, ana ɗaukar su ta ƙeya ko cikin duhu, babbansu wani ɗan Koriya ne Kim Tai-chung. Akwai ma wurin da sunka yanko hoton huskar Bruce sunka manna bisa madubi, mutumin na zamne gaban madubin, hoton ya ruhe huskarsa. Mun nuna shi dare da dare, yara na ihu suna "Burusli! Burusli!", mu da ke ɗakin inji muna ganin mannin muna dariya. To mutumin da ke zamne gaban madubi wace wahala ya sha? Ba ya faɗuwa, ba a bugunsa. Shi doublure ne tsantsa.

Saboda haka kalma biyu kuke nema. Ta farko kuwa tana bakinku kun kasa ji. Ku faɗi cascade a hankali. Kas-kad. Mi kunka ji? Kasada. Ɗan kasada.

Mai Shirin Majigi, Yamai:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta na tashi tsaye. Kwana biyu ina juya ƙamus, ashe abin na rataye a wuyana. Ban ce kalmomin biyu dangi ne ba, cascade asalinta ruwa ne mai zubowa daga tsauni, haɗuwar sauti ce kawai. Amma irin haɗuwar da ake so ce: wanda ya yi lakwal zai ji cascadeur a ciki, wanda bai yi ba zai ji Hausarsa. Kuma tana lanƙwasuwa yadda ake so, ɗan kasada, ƴar kasada, ƴan kasada.

Malama Ƴar Damagaram:
Ina da ja kaɗan, Baba ya yi haƙuri. Ɗan kabu-kabun da ke kutsawa tsakanin manyan motoci ɗan kasada ne. Wanda ya bi sahara ta Agadas ɗan kasada ne. Ɗan kasuwar da ya zuba duk jarinsa a albasa ɗan kasada ne. Ba ta yi faɗi da yawa ba?

Mushe Mai Ritaya:
Ta yi faɗi, amma jarumi ma ai haka take. Da can jarumi sai fagen yaƙi, yanzu mutanen Kano sun ɗora ta kan wanda mu muke kira aktar, ba wanda ya rikice. A faɗi "ɗan kasadar fim" sau ɗaya a farkon zance, sauran ya tafi da ɗan kasada.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ta biyun. Kuma ku sani akwai ta uku tana laɓe: doublage, na murya. Tushensu ɗaya da doublure a Faransanci.

Hajiya Mai Son Indu:
Yauwa, an zo wurina. Mu da muka tashi da finafinan Indu, shekara nawa muka yi muna rantsuwa cewa ƴan matan nan su ke waƙa da bakinsu? Ranar da yayana ya ce mini muryar Lata Mangeshkar ce a bakin yawancinsu, kwana na yi ban yi masa magana ba. Mazan kuma Mohammed Rafi da Kishore Kumar. Kakarmu da ta ji sai ta ce, "Ashe muryar aro ce." Ba ta yi shawara da kowa ba, haka kawai ta fito mata.

To in murya ta aro ce, jiki ma na aro ne. A Sholay na 1975, wurin da ƴan fashi suka biyo Hema Malini tana korar keken dokinta, wata mata ce Reshma Pathan ta yi wuraren haɗarin, har ta ji ciwo. Ita ce jikin aron Hema, kuma ƴar kasada ce. Kun ga duka biyun sun hau kanta ba su yi karo ba.

Ɗan Bukoki:
Hajiya, jikin aro ba zai sa mutane su tuna da masu bori ba? Kamar iska ta hau mutum.

Hajiya Mai Son Indu:
Ɗana, a bori doki ake cewa ko goɗiya, ba jikin aro ba. Kar ka ƙara mana aiki.

Mai Shirin Majigi, Yamai:
Ni jikin aro ta kwanta mini, kuma ga dalilina. Aro ba sata ba ne, da sanin mai abu ake yi, kuma ana mayarwa. Wannan shi ne ainihin abin da sojan gona ta rasa. Sannan Bahaushe ya riga ya saba aron gaɓoɓi a magana, tunda yana cewa kar ka ari bakina ka ci mini albasa. Wanda ya ari baki, aron jiki ba zai ba shi mamaki ba.

Muryar aro kuma ta buɗe mini wani shirin daban. Duk wanda ya kalli Eddie Murphy da Faransanci a tele, dariyar nan da surutun nan ba nasa ba ne, a yawancin finafinan na marigayi Med Hondo ne, ɗan Muritaniya. Shi ne dai Med Hondon da ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986, labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Mutumin da ya kai tarihinmu allon silima, mun fi sanin muryarsa a bakin wani Ba'amurke.

Tsohon Mai Majigi, Tawa:
Ɗana, kar ka yi saurin ruhe taro, akwai rami guda gabanka. Oumarou Ganda, ɗan fim ɗinmu na Nijar, Allah shi jiƙan shi, a Moi, un noir na Jean Rouch, 1958. Can Treichville ta Abijan anka ɗauke shi, kuma kyamarar ba ta ɗaukar magana tare da hoto. Sai daga baya Ganda ya zamna shina kallon hoton shina magana bisa kai. Sunan da ya ɗauka a ciki na aro ne, Edward G. Robinson, amma muryar tashi ce. Za ka ce mata muryar aro?

Haka kaboyin Italiya da munka sha nunawa, waɗanda anka ɗauka a hamadar Almeriya ta Sipaniya. Kowa na magana da harshensa wurin ɗauka, daga baya a shiga ɗaki a sa murya. Wani ya sa tashi, wani a sa mishi ta wani. Mu nan Tawa mun zamna da Moustapha Alassane shekaru, wanda ya yi kaboyinmu na gida a 1966, Le Retour d'un aventurier, har da Zalika Souley a ciki. Ba mu jin kunyar kowa kan zancen silima, don haka a yi shi daidai.

Malama Ƴar Damagaram:
To a raba. Aikin kansa a kira shi ɗora murya, ko ta mai ita ce ko ta wani. In ta wani ce aka ɗora, ita ce muryar aro. Abin da Ganda ya yi ɗora murya ne, abin da Med Hondo ya ba Eddie Murphy muryar aro ce. Mutanen Kano suna cewa fassara ga finafinan Indiya da ake juyawa Hausa, wannan ya yi daidai in an sauya harshe, amma waƙar Lata ba fassara ba ce, harshen bai sauya ba.

Na janye wakili. Makwafi kuwa ina riƙe da abata, wata rana za ku neme ta.

Mushe Mai Ritaya:
Ni ma na janye kura, amma da sharaɗin a faɗi karin maganar a cikin shirin. Kyautar Oscar tun 1929 ake ba da ita, sai a 2025 suka sanar za su ware wa masu tsara kasada tasu, daga finafinan 2027. Kusan shekara ɗari gardi na karɓa.

Mai Shirin Majigi, Yamai:
Sharaɗi ya karɓu, Mushe. Ranar Asabar da ɗan kasada da jikin aro zan buɗe, ɗora murya da muryar aro sai mako na sama, don Med Hondo shi kaɗai ya ci shiri guda.

Na gwada su kan Kawu yanzu bayan la'asar, yana ɗaure kayansa zai koma gida gobe. Na ce yaron nan na keken dawaki ɗan kasada ne, shi ne jikin aron aktar. Bai ce "me?" ba. Ya ci gaba da ɗaurin buhunsa, can ya ɗago ya ce, "To shi mai fuskar, nawa ya ba yaron?"