Neman shawara: zan shigo da maganin ciwon jiki daga Indiya

Mai kemis: Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka, barci ma ya gagare ni. Ina da kemis a Bauchi Road nan Jos, mijin yayata ne yake kai marasa lafiya Indiya, shi ya haɗa ni da wani kamfani can za su ba ni paracetamol da diclofenac da tramadol da sauƙi sosai, har na tura kafin alƙalami da kuɗin adashin matata kuma ita ba ta san na taɓa ba, yanzu sun ce in turo Form M (takardar shigo da kaya da ake buɗewa a banki) da lambar rajistar NAFDAC, ni ko ɗaya ban da. Ya zan yi?

Tsohon ejan (mai fitar wa 'yan kasuwa da kaya daga hannun Kwastan): Malam ka tsaya tukuna. Paracetamol na ƙwaya da na ruwa yana cikin kayan da Kwastan suka hana shigowa da su, cire shi kawai. Tramadol kuma sai da izini na musamman daga NAFDAC, 50mg da 100mg kaɗai aka yarda, in aka ga mai 225mg a kwantenarka NDLEA ce za ta karɓe ka. Lasisinka wane iri ne ma?

Mai kemis: Na kemis ne yallaɓai, na PCN (hukumar kula da masu harkar magani), duk shekara ina sabuntawa.

Tsohon ejan: Wannan na sayarwa ne a shago, ba ya shigo da kaya. Sai kana da kamfani mai rajista da famasist a kansa, kowane magani a yi masa rajistarsa daban a NAFDAC, kamfanin can ya ba ka takardar wakilci, sannan banki ya buɗe Form M, Kwastan su fitar da PAAR (takardar tantance kaya kafin su iso). Kayan Indiya ma sai an gwada su tun can an ba da CRIA (takardar shaidar sun ci gwajin) kafin a loda.

Maman biyu: Hmm ejan dai. Ni atamfa ce ma kawai, kayana suka zauna a tasha kuɗin ajiya ya cinye ribar tas, ejan ɗina ya daina ɗaga waya har yau. Allah ya isa.

Ɗan Terminus: Haba duk wannan dogon turanci. Ka sauke a Kwatano a biyo da shi ta mota, mutane nawa ke yi.

Tsohon ejan: Magani ba ya shigowa ta bodar ƙasa, kada ka jefa bawan Allah a rami.

Hajiya: Ɗana ka nemi kuɗinka su dawo, ka sara a wajen dilolin nan gida. Kuma ka faɗa wa matarka tun kafin ranar kwasa ta zo.

Mai kemis: Hajiya dilolin nan ai su suka kai ni ga haka, kullum farashi sabo. Kuma mijin yayata ba zai cuce ni ba, ya ga kamfanin da idonsa. To in diclofenac kaɗai ne fa, katan kaɗan a jakarsa ta jirgi?

Ɗan Terminus: Yo min magana ta bayan fage.