Sikana ta ƙi haɗuwa da motata, wai sai na canja birenbos?

Mai Jar Mota:
Salam jama'a, don Allah masana ku taimaka min. Motata ƙirar 2010 ce 'yar Amurka, wutar cek injin ta kama kwana uku kenan, na jona ƙaramar sikana (na'urar da ke karanto matsalar mota) irin ta Bluetooth ɗin nan ELM327 a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, fitilarta na kamawa amma waya ta yi ta juyawa ta ƙi haɗuwa. Na kai wa mai rewaya shi ma tashi babba ta ƙi, nan take ya ce birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ne ya mutu. To amma mota na tashi lafiya lau, ina yawo da ita. Hankalina bai kwanta ba wallahi.

Baban Wayoyi:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka sayi komai tukuna. Birenbos ɗin da ya mutu ba zai tayar ma da inji kana yawo ba, soket ɗin ya kamata a fara dubawa. Ramuka 16 gare shi, in ka sa gefe mai faɗi a sama, layin sama 1 zuwa 8 ne daga hagu, na ƙasa 9 zuwa 16. Na 16 wuta ce kai tsaye daga batir, ko makulli na kashe sai ka samu bolt 12 da ɗoriya. Na 4 da na 5 nagetib ne, ka auna 16 da 4 sannan 16 da 5, don wani lokaci ɗaya na nan ɗayan ya tsinke, sikana ta kawo wuta amma magana ba ta wucewa.

In waɗannan sun yi daidai sai ka koma 6 da 14, su ne layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke musayar bayanai ta cikinsu, kuma duk motar da aka sayar a Amurka daga 2008 da su take magana da sikana. Kashe mota ka cire kan batir na nagetib, ka ɗan jira, ka sa mita a om (ma'aunin resista) ka auna tsakanin 6 da 14. Wajen 60 ake so, saboda akwai resista biyu masu 120 kowanne a ƙarshen layin. Ka ga 120 to layi ya katse a wani wuri, ka ga kusan sifili wayoyin sun haɗe da juna.

Direban Dare:
An taɓa sa mata tiraka (na'urar bin sawun mota) ko an canja rediyo? Tawa haka ta yi, ashe wanda ya sa tiraka ya feƙe wayoyin bayan soket ya naɗe da salatif kawai. Kuma ka tabbata makulli na kan ON lokacin da kake gwadawa, fitilun dashbod duk sun kama.

Mai Jar Mota:
Ba tiraka oga, rediyon ma na asali ne. Na aro mita na auna, 16 da 4 ya ba ni 12.4, da 5 ma haka. Amma 6 da 14 abin mamaki, in na taɓa ta gaba lamba sai ta yi ta tsalle, in na bi ta bayan soket wajen da waya ta shiga sai ta tsaya cak a 61.

Baban Wayoyi:
Madalla, ai ka gama aikin da kanka. Layinka lafiya yake, bakin ramin ne ya saki. Haska tocila ka kwatanta ƙarfen cikin 6 da 14 da na 16, za ka ga ɗaya ya wage baki ko ya zame ciki. Yawanci masu tura tsinken mita da ƙarfi ne ke jawo shi, abin na ba ni takaici sosai, ƙarfen siriri ne ba ya jure wannan. Da batir a cire, zaro shi ta baya ka matse harshen a hankali da allura, in ya karye a canja wannan ɗayan kawai.

Mai Jar Mota:
Allah ya saka da alheri Baba! Na 14 ne, ya zame ciki har da ƙyar ake hango ƙarfen. Na turo shi gaba ya ce ƙas, na matse shi, na maida batir, sikana ta haɗu nan da nan. P0171 ta nuna, wai iska ta fi mai yawa a inji. Gobe in sha Allah zan bi robobin iska in ga ko akwai wanda ya tsage.