Hutun tsakanin kwangila: abin da fadarmu ta ce

Jiya wajen shayi a unguwar Zariya ta Maraɗi, wani ƙanenmu da kwangilarsa ta ƙare ya nemi shawarar inda zai leƙa kafin sabon aiki. Yawanci sun ce Najeriya: a bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, a tsaya Katsina a ga hasumiyar Gobarau, sannan Kano, marinar Ƙofar Mata da Dutsen Dala. Dalar da sassafe ake hawanta, kafin rana ta buɗe.

Sefa kuwa, a canza kaɗan a iyaka, sauran sai Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a aljihun gaba, kada su shiga jakar da za a ɗaure bisa mota. Wani dattijo ya ƙara: "Yaro, ka dawo da kwana biyu a hannu, hanya ba ta da alkawari."